Yadda Ake Tsara Tafiyar Keke a Hawa da Gangaren Tsaunukan Filato

Mahayin keken da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Haɗeja ko Maraɗi yakan auna tafiyarsa da kilomita, kuma wannan awo yana yi masa daidai, domin in ba iska ce ta juya masa ba, wahalar kilomita 60 ta wannan hanya ba ta da wani bambanci da ta waccan. A ƙasar Filato wannan lissafi ba ya wadatarwa. Birnin Jos yana zaune ne a tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba, Bauchi kuma tana wajen mita 600, sannan duwatsun Shere da ke gabas da Jos sun haura mita 1,700. Saboda haka duk babbar hanyar da ta fita daga Jos, ko ta nufi Bauchi, ko Akwanga, ko Kafanchan, ko Shendam, ko Saminaka, ba makawa sai ta gangara a wani wuri.

Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe tun daga farko, domin a kansa sauran tsarin zai ginu. A mafi yawan ƙasashen da ake hawan tsaunuka da keke, mahayi yana tashi ne daga kwari, ya yi hawa da safe yana da ƙarfinsa, sannan ya gangaro gida bayan ya gaji. Wanda ya tashi daga Jos kuwa al'amarinsa a juye yake: yana samun gangaren ne da sanyin safiya, lokacin da ba ya buƙatar rangwame, sannan ya tarar da hawan yana jiransa da rana tsaka, a ƙasa mai zafi, bayan ruwansa ya yi ƙasa. Yawancin waɗanda ake ɗorowa a bayan mota su da kekensu, a nan lissafinsu ya kuskure.

Mataki na farko: karanta hanya kafin a taka ta

Abu biyu ake nema game da kowace hanya, wato nisanta da kuma jimillar mitocin da za a hau a cikinta. Manhajojin taswira irin su Komoot da Strava da OsmAnd suna nuna zanen tudu da gangaren hanya idan aka ja layinta daga mafari zuwa maƙura, kuma wannan zane ya fi taswirar kanta amfani ga mai keke. A sauke taswirar a cikin waya tun a gari, domin akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa a tsakanin duwatsu.

Ana auna miƙewar hawa da kashi cikin ɗari. Idan aka ce hawa yana da kashi 6, ana nufin a cikin kowace kilomita guda hanya tana ɗagawa da mita 60. Kashi 2 zuwa 3 hawa ne da ido ba ya cika ganinsa, sai dai mahayi ya ji keken ya yi nauyi har ya fara zargin tayarsa ta sace. Kashi 5 zuwa 7 shi ne hawa na sosai, wanda ake komawa ƙananan giya a zauna a kan sirdi a yi haƙuri. Daga kashi 10 zuwa sama kuwa, wanda bai horu ba yakan sauka ya tura. Mahayi matsakaici, wanda yake tuƙi a kai a kai amma ba ɗan tsere ba ne, yakan iya hawan mita 400 zuwa 600 a cikin awa guda. Ke nan hawa mai tsayin mita 600 a kan kashi 6, wanda nisansa kilomita 10 ne kacal, zai ci masa fiye da awa guda, alhali a shimfiɗaɗɗiyar hanya rabin awa ya ishe shi.

Hanya mai sauƙi ta ƙiyasta lokaci ita ce a raba nisan da 20, a sami awannin tuƙi, sannan a ƙara rabin awa a kan kowace mita 500 ta hawa, a kuma ƙara aƙalla awa guda ta hutawa da cin abinci da tsayawa a shingen jami'an tsaro. Tafiyar kilomita 80 mai hawan mita 1,000 za ta kama awa 6 ke nan. Wanda ya tashi da ƙarfe 6:30 na safe zai dawo wajen azahar idan komai ya tafi daidai, kuma ba kullum komai yake tafiya daidai ba. Sai a duba zanen a ga a ina hawan ya faɗo. Idan mafi yawansa yana cikin rabi na biyu na tafiyar, a ƙara wata rabin awar, domin ƙafar da ta riga ta yi kilomita 50 ba ta hawa kamar sabuwa.

Mataki na biyu: zaɓen hanyar da ta yi daidai da ƙarfin mahayi

Ana iya kasa hanyoyin yankin gida biyu: waɗanda suke tsayawa a saman tudun, da waɗanda suke sauka daga gaɓarsa. Baƙo ya fara da na farkon.

Mafi sauƙinsu ita ce wadda ta bi kudu daga Jos ta ratsa Bukuru zuwa wajen Kuru da Vom. Tsakanin Jos da Bukuru cunkoso ne na motoci da Keke Napep, ba wani daɗi, amma da zarar an wuce nan ƙasa takan buɗe, sai fili mai ciyawa da curin duwatsu a warwatse. A Vom ne cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun shekarun 1920, a Kuru kuma akwai cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki da aka kafa a 1979, don haka hanyoyin wajen sanannu ne, kuma ba a rasa mutane da wurin sayen ruwa. Hawan da ke nan gajeru ne, a hau a gangara, kuma sun isa su nuna wa mutum ko giyar kekensa ta dace da ƙasar. A gefen hanya za a riƙa ganin kududdufai masu ruwa kwance, waɗanda ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa. Suna da zurfi fiye da yadda ido yake nunawa, gaɓarsu kuma tana zaftarewa, don haka ba wurin wanka ba ne komai zafin da aka kwaso.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta rabu a Mararrabar Jama'a, mahaɗar hanyoyin da ke kudu da Bukuru, ta nufi kudu maso gabas, ta wuce Heipang inda filin jirgin sama yake, ta shiga Barkin Ladi, ta kai Mangu, ta wuce Panyam mai tsohuwar gonar kifi, sannan ta hau cikin duwatsun Pankshin. Daga Jos zuwa Pankshin ya kai kimanin kilomita 120, saboda haka ba tafiyar je-ka-ka-dawo ba ce ga yawancin mutane, gara a kwana a can a juyo washegari. Wannan, a ganina, ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai son doguwar tafiya ba tare da ya bar sanyin tudu ba. Babu hawa guda mai ban tsoro a cikinta, amma ƙananan hawa suna taruwa har su yi yawa, ga kuma iska da take kaɗawa a fili ba abin da ya tare ta. Ranar Juma'a kasuwar Mangu take ci, hanya takan cika da motocin masara da dankali, don haka a zaɓi wata rana.

Sai kuma hanyoyin gaɓa, waɗanda su ne ainihin hawan tsauni. Mafi suna a cikinsu shi ne Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Daga Mararrabar Jama'a hanya takan wuce Riyom, inda ake hango duwatsun nan da suka ɗoru a kan juna, sannan ta gangara cikin kwanoni zuwa wajen magangarar ruwa ta Assop, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Jos, ta ci gaba zuwa mahaɗar Forest a jihar Kaduna. A cikin ɗan taƙaitaccen nisa ake sauke ɗaruruwan mitoci, ciyawar tudu ta koma kurmi, iska mai sanyi ta koma ɗumi. Wuri ne mai kyawun gani, amma shi ne kuma babbar hanyar manyan motoci tsakanin Abuja da arewa maso gabas, kuma ya yi ƙaurin suna wajen haɗarin tirelolin da burki ya ƙwace musu. Shawarata ga wanda yake son ya gwada shi ita ce ya hau shi kawai, kada ya gangare shi: a ɗauke shi da kekensa a mota zuwa ƙasan hawan da sassafe, ya taso daga can da sabuwar ƙafa, ya gama hawan kafin rana ta yi zafi, sannan ya ƙarasa Jos a saman tudu. Da haka ya gyara juyayyen tsarin da aka ambata a farko, ya kuma kauce wa ɓangaren da ya fi haɗari.

Akwai wasu gangaren da manyan motoci ba su cika yawa a kansu kamar Hawan Kibo ba, kamar wadda ta bi ta Vom da Ganawuri ta sauka Manchok da Kagoro, da wadda ta tashi daga Panyam ta gangara Shendam. Hanyar Bauchi kuwa, mai nisan kimanin kilomita 130, tana sauka ne a hankali ta Tilden Fulani da ƙasar Toro, shi ya sa zuwa yake da daɗi har ya ruɗi mutum, dawowa kuma ya zama doguwar jarrabawa. Halin kwalta a waɗannan hanyoyi yana sauyawa daga damina zuwa damina, don haka labarin bara ba ya isa hujja.

Mataki na uku: tambayar lafiyar hanya

Ba za a yi maganar yawo a karkarar Filato a tsallake batun tsaro ba. Ƙananan hukumomin Riyom da Barkin Ladi da Bokkos da Mangu da Bassa sun sha fama da tashe-tashen hankula a shekarun baya-bayan nan, kuma akan sa dokar hana fita a wasu lokuta. Hanyar da take lafiya lau a wannan wata tana iya zama abin gudu a wata mai zuwa. Taswira ba ta san wannan ba, direbobin tasha ne suka sani. Kwana guda kafin tafiya a je tashar da motocin wannan hanya suke lodi, a tambayi direban da ya shigo daga can a ranar, a kuma sake tambaya da safe kafin a tashi. Idan amsoshin suka saɓa wa juna, ko aka ga masu amsawar suna jan magana, a ɗage tafiyar.

Kada a tafi mutum ɗaya. Uku shi ne mafi ƙarancin adadin da ya dace, domin idan ɗaya ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. A bar wa wani a gida sunan hanyar da lokacin da ake sa ran dawowa. A riƙe katin shaida a aljihun da hannu zai kai da sauri, a rage gudu tun daga nesa idan an hango shinge, a cire tabarau, a yi gaisuwa. Kada a ɗauki hoton shinge ko na jami'ai. Idan an tsaya a ƙauye, a fara da gaisuwa kafin tambaya, domin Hausa tana gudana a kusan ko'ina a yankin ko da ba ita ce harshen gidan mutane ba, kuma "Sannunku da aiki, don Allah Baba ina hanyar Panyam?" tana buɗe abin da tsayawa a yi ta kallon waya ba ya buɗewa. A tsaya a kan kwalta, a bar ratse cikin gonaki da burtali.

Mataki na huɗu: zaɓen lokaci

Damina a Filato tana farawa ne wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan yakan zo da ƙarfi, galibi da yamma, wani lokaci har da ƙanƙara. Watannin Yuli da Agusta su ne mafi wuya, saboda hazo yana rufe gaɓar tudu har direba ba ya hango mai keke sai ya zo dab da shi. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba su ne mafi dacewa: ruwa ya ɗauke, ƙasa tana da sauran kore, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu sanyin asuba a Jos yakan sauko kusa da digiri 10, kuma wanda yake gangarawa da gudun kilomita 40 a awa zai ji shi fiye da haka nesa ba kusa ba, har yatsunsa su sandare a kan burki. Maris da Afrilu suna da sauƙi a sama, amma ƙasan tudun yana ƙuna.

A ƙa'ida, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. Ke nan tsakanin Jos da ƙasan gaɓa akwai bambancin digiri 4 ko 5 tun kafin a haɗa da bambancin safiya da tsakar rana. Shi ya sa ake sa tufafi hawa-hawa: riga mai sauƙi a ciki, da wata siririya mai tare iska a sama wadda za a iya naɗewa a cusa a aljihu, da safar hannu. Tsayin Jos bai kai inda ciwon tsauni yake kama mutane ba, domin wannan sai an haura wajen mita 2,500, amma wanda ya zo daga ƙasa zai ji numfashinsa ya ɗan gajarta a kwana biyun farko, don haka kada ya sa babban hawa a ranar da ya iso. Gari yana wayewa wajen 6:30, duhu kuma yana shiga kafin 7 na yamma. A tsara komai yadda za a kasance a gida kafin la'asar.

Mataki na biyar: shirya keken

Giya ce gaba da komai. Keken gargajiya mai giya ɗaya yana tafiyar mita 5 ko fiye a duk juyin feda guda, wanda yake daidai a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a hawa mai kashi 7 ƙafa ba za ta iya juya shi ba na tsawon lokaci. Abin da ake buƙata shi ne keken da ƙaramin farantinsa na gaba yake da haƙora 34, babban na baya kuma 32 ko 34. Da wannan haɗi juyin feda guda yana kai keke mita 2 da 'yan kai kawai, don haka mai juya feda sau 70 a minti zai riƙa tafiyar kilomita 9 a awa, a hankali amma ba tare da ya kashe gwiwarsa ba. Yawancin kekunan tsere na gwanjo suna zuwa ne da faranti mai haƙora 39 a gaba da 25 a baya, wanda aka yi domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko ƙafa mai horo. A ƙirga haƙoran da hannu kafin a saya. Idan ba a sami wanda ya dace ba, keken dutse mai faranti uku da aka sa wa tayoyi marasa ƙurji ya fi keken tsere mai tsauri amfani a nan, ko da ba zai yi kyau a hoto ba.

Sai burki. A duba robobinsa, idan layukan da ke jikinsu sun shafe a canja su. A duba wayar burki a wurin da aka ɗaure ta, domin a nan take fara tsinkewa zare-zare. A matse hannun burki da ƙarfi, idan ya kai ga taɓa kan keken to yana buƙatar ɗauri. A juya kowace taya a ga ko tana layi, domin rim ɗin da ya karkace yana sa burki ya riƙa kamawa yana saki a gangare.

Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi siririya dacewa da kwaltar da ta sha faci. Ga mahayi mai nauyin kilo 70, iskar psi 70 zuwa 80 (psi ma'aunin iskar taya ne) ta isa a taya mai milimita 28, kuma cika ta ta yi tauri kamar dutse ba ya ƙara gudu, sai dai ya rage kamun ƙasa. Akwai wani abu ƙarami da yake tsayar da mutane da yawa: tub ɗin keken tsere yana da siririn bawul wanda bakin injin mai facin bakin hanya ba ya kamawa, kuma tub mai lamba 700, wato girman na keken tsere, ba a cika samunsa a ƙauye ba, inda kekunan da ake hawa masu inci 26 ne ko 28 na gargajiya. Saboda haka kowane mahayi ya riƙe tub biyu, da famfon hannu, da faci da sholisho, da abin ɓare taya, da ƙananan sifanu, da mahaɗin sarƙa guda, da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kan siririn bawul ya koma irin na mota. Hular kwano wajibi ce, haka ma jar fitila mai ƙyaftawa a baya ko da rana ce.

Mataki na shida: guzuri

Jiki yana buƙatar ruwa rabin lita zuwa kusan lita guda a awa, gwargwadon zafi. A ɗauki gora biyu, a cika su a duk garin da aka samu dama, musamman gari na ƙarshe kafin hawa. A cikin gora ɗaya a zuba ruwan gishiri da sukari, wato ƙananan cokula 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, domin gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba. Abinci kuwa kaɗan-kaɗan ake ci, duk bayan minti 40 ko makamancin haka, tun kafin a ji yunwa: dabino, ayaba, dafaffen dankali, gyaɗa. Masa da shayi a bakin hanya sun isa karin kumallo. Tuwo ko wani abinci mai nauyi a bar shi sai an gama, domin cikakken ciki da hawa ba sa jituwa.

Mataki na bakwai: yadda ake hawa

A sauya zuwa ƙaramar giya tun kafin hawan ya kama, domin sauya giya ana danna feda da ƙarfi shi ne yake tsinke sarƙa. A fara da gudun da mutum zai iya yin magana da na kusa da shi ba tare da numfashi ya yanke masa ba. Idan jimla guda ta gagara, an yi sauri. Kashi ɗaya bisa uku na farkon hawa ya kamata ya zama kamar ana wasa, domin tafiya sannu-sannu ce take kwana nesa, kuma wanda ya wuce abokansa a kwanar farko galibi su ne suke tarar da shi zaune a kan kwalbati. A zauna a kan sirdi mafi yawan lokaci, hannu a saman kan keke, kafaɗu a sake, a riƙa miƙewa tsaye na ɗan lokaci kawai don a huta da baya ko a wuce wuri mai tsauri.

A hawa irin na Kibo za a tarar da tirela tana jan ciki da gudun da bai fi na keke ba, hayaƙi yana tashi baƙi ƙirin, yaron mota yana biye a ƙasa da katakon waigi a kafaɗa don ya cusa a bayan taya idan ta tsaya. Kada a bi bayanta kurkusa, domin irin wannan mota idan ta mutu baya take yowa. Kada kuma a kama jikinta don ta ja mutum kamar yadda yara suke yi. Ko dai a tsaya a ba ta rata mai yawa, ko a wuce ta a inda ake hango gaba sosai. Idan za a huta, a fita daga kwalta gaba ɗaya, a kuma guji tsayawa a bayan kwana. A wasu ƙauyukan za a ga shingen ƙerana kewaye da gonaki: ba a jingina keke a jikinsa, domin yana da ƙaya, farin ruwansa kuma yana ƙona ido.

Mataki na takwas: yadda ake gangarawa

Kafin a fara sauka a tsaya a sa rigar iska, a gwada burki biyun, a tabbatar babu abin da yake lilo kusa da taya. A riƙe kan keken ta ƙasa inda yatsu suke kama burki da kyau, a ɗan ja jiki baya a kan sirdi. Burkin gaba ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, na baya kuma yana saurin sa taya ta zame, don haka ana matse su tare a hankali, ba fizga ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a riƙe burki a matse tun daga sama har ƙasa. Wannan yana sa rim ya yi zafi har robar burki ta daina kamawa, wani lokaci ma tub ya fashe. Abin da ya dace shi ne a matse sosai a rage gudu, a saki ya huce, a sake matsewa. A doguwar gangara a tsaya sau ɗaya ko biyu a kai hannu kusa da rim, idan zafinsa ya hana taɓawa a jira.

Ana gama rage gudu ne kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. A cikin kwanar, fedar da ke waje ta kasance a ƙasa da nauyin jiki a kanta, ido kuma yana kallon inda ake son fita, domin keke yana bin inda ido ya kalla, har da ramin da ake tsoro. A zauna a hannun da doka ta ba mutum komai faɗin hanya, domin direbobin da suke hawowa sukan ci hannun wani don kauce wa rami ko wuce tirela. Yashi da tsakuwar da ruwa ya kwaso sukan taru a cikin kwanoni da bakin kwalbati, baƙin tabon man dizal kuma yana da santsi ko da rani. Idan aka ga ganye a jere a kan kwalta, alama ce ta mota ta lalace a gaba, a rage gudu nan take. Tsakanin mahayi da mahayi a bar ratar da ta kai tsawon motoci huɗu ko biyar.

Kunne yana da aiki a nan kamar ido, shi ya sa ba a toshe shi da abin sauraron waƙa. Idan aka ji oda ba ƙaƙƙautawa daga baya, ko aka ji ƙaurin burki ya cika iska, kada a tsaya waiwaye ko a yi ƙoƙarin tsere wa motar. A nemi wuri mafi kusa a fita daga hanya, ko da cikin ciyawa ne.

Mataki na tara: lokacin juyawa

Tun kafin a tashi a yanke sa'ar da za a juyo ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Ga wanda ya fara da gangare, ƙa'idar ita ce ya ware wa dawowa ninki biyu na lokacin da zuwa ya ci: idan an gangara cikin awa biyu, a sa ran awa huɗu kafin a ga gida, don haka mai son isa Jos da ƙarfe 2 wanda ya tashi 6:30, bai kamata 9 ta same shi yana ci gaba da sauka ba. A riƙe kuɗin mota a hannu, tsaba, wanda zai ishi mutum da kekensa, domin ba ko'ina ake samun mai POS ba, kuma direba yakan caji keke kuɗin kujera guda. Idan aka cire tayar gaba, keke yana shiga bayan ƙaramar mota. Wanda ya fara jin jiri, ko tsikar jikinsa tana tashi a cikin zafi, ko gumi ya ɗauke masa, ya sauka ya shiga inuwa ya sha ruwan gishiri da sukari, kuma tafiyarsa ta ranar ta ƙare a nan. Idan haɗari ne ya auku, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122, lambar gaggawa ta gama-gari kuma 112, kuma wanda ya bugu a kai ko a wuya ba a ɗaga shi a zaunar sai masu agaji sun iso, sai dai idan barinsa a wurin zai sa mota ta taka shi.